Bututun da Bai Fashe Ba

Greensboro, 29 ga Disamba, 2022

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida duka. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya ƙafarka, kumburin ya sauka? Ni jikina lafiya, abinci ne dai ba ya shiga.

Ka yi ta kira ban iya magana ba. Ba raini ba ne, da na buɗe baki sai muryar ta tafi. Shi ya sa na ɗauki biro. Maƙwabciyata Fourera, 'yar Maraɗi, ita ke zaune da ni tun da na shiga takaba, ita za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka a waya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Ka ce in faɗa maka yadda ƙaninka ya rasu. Harbe shi aka yi.

Ka san sana'arsa gyaran famfo. Gidajen nan a kan gajeren gini ake ɗora su, a bar fili a ƙasa wanda sai mutum ya ja ciki zai shiga, ta nan bututun ruwa suke bi. Da bazara ya yi wa wata tsohuwa aiki, sunanta Rachael, a Summerfield, bayan gari inda masu dawakai suke. Ya cire mata tsofaffin bututun jan ƙarfe ya sa na roba mai lanƙwasa, ja na ruwan zafi, shuɗi na ruwan sanyi. Feks suke ce masa. Ya sha gaya mini cewa idan ruwa ya daskare a cikin ƙarfe tsagewa yake yi, roba kuwa kumbura take ta ba ƙanƙarar wuri, in ta narke ta koma yadda take. Sai dai mahaɗin, inda ake matse zobe, shi ba ya kumbura. Akwai wani mahaɗi a gidan tsohuwar, kusa da bango inda iska ke shiga, wanda bai kwanta masa a rai ba.

Ranar jajiberin Kirsimeti aka yi sanyin da ban taɓa gani ba tun zuwana ƙasar nan, kuma aka ɗauke wuta da safe. Ya dawo daga masallaci, ya sha rabin shayinsa, ya ce tsohuwar nan ita kaɗai ce a gida, bari ya leƙa. Na ce ka fara kiranta. Ya kira ba ta ɗauka ba. Ya ce ai gidan ya san shi. Kamar dai yadda kai za ka ga shanu sun nufi gonar maƙwabci ka tafi ka kore su ba sai an aiko ka ba. Shekararsa ashirin da wani abu a nan, wannan halin bai bar shi ba.

'Yan sanda sun ce ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba a ji ba. Ya zagaya baya ya buɗe 'yar ƙofar ƙasan ya shiga da tocila. Ashe ɗan ƙanwarta ya zo mata hutu daga wata jiha, bai san shi ba. Ya ji motsi a ƙarƙashin ɗakinsa, ya fito da bindiga. Ƙaninka ya ji taku ya fara fitowa da baya, ƙafafunsa ne suka fara fitowa. Bai kai ga juyowa ba. Harsashi ya same shi a baya da cinya. Ya yi ta jan ƙasa da hannu yana son komawa ciki, har farcensa ya cire. Kafin motar asibiti ta iso jinin ya daskare a kan ciyawa.

An yi masa sutura yadda ya kamata, jama'a sun cika masallaci. Yaron nan namu ya shiga cikin masu wankan, an hana shi ya ƙi. Ya ga komai. Tun ranar bai yi kuka ba, bai kuma ci abin kirki ba.

Ka yi masa addu'a, ka yi mana.

Ruqayya


Funtuwa, 3 ga Janairu

Ruqayya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni yau da na shigo gari, don a ƙauye sabis sai an hau dutse. Ƙafa da sauƙi. Mutanen gida suna yi miki gaisuwa. Allah ya jiƙan Sale, ya sa ya huta, ya ba ki ladan haƙuri.

Na karanta har na kai wajen farcen, na ajiye wayar. Ni na goya Sale a kafaɗa zuwa makaranta. Mun binne mutane da yawa a garin nan cikin shekarun nan, na ce aƙalla shi ya tsira, yana inda ba a shiga gida a kashe mutum. Ashe can ma daji ne, itace ne kawai babu.

Akwai abin da zan tambaye ki, kada ranki ya ɓaci. A majalisa an fara magana ƙasa-ƙasa. Wasu na cewa me ya kai mutum ƙarƙashin gidan Bature da sassafe ba a kira shi ba. Wasu na cewa ha'inci ya yi, ya cire ƙarfe ya sa roba, ya ji tsoron asirinsa zai tonu shi ya sa ya tafi a ɓoye. Na mari ɗaya daga cikinsu a gaban mutane, amma ina son in san abin da zan ce bayan marin. Mu a nan roba ta bokiti ce da tiyo. Da gaske ana sa ta a gidan mutunci?

Sannan ba ki faɗi sunan wanda ya yi harbin ba. Ki rubuto mini shi. Yana kulle? Yaushe za a yanke masa hukunci?

Na lura ko a takarda ba kya iya rubuta sunan Abdussalam. Kunyar ɗan fari ta bi ki har Amurka. Ba laifi, haka iyayenmu suka yi. Amma shekararsa ashirin, ba yaro ba ne. Rashin kukan kada ya dame ki, namiji a ciki yake yin nasa.

Yayanku,
Sirajo


Greensboro, 9 ga Janairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Ka gaida kowa. Mu muna nan, sanyin ya ɗan sassauta.

Ka gaya wa 'yan majalisa ga amsa daga gidanmu. Ƙaninka ya fara canza bututun gidan nan, ya gama kicin, bai kai ga banɗakin sama ba, kullum aikin mutane ne a gaba. Ranar da mata suka cika falo suna gaisuwa, ƙanƙarar ta narke, bututun jan ƙarfe na sama ya tsage. Silin ya jiƙe ya rufto a kan mutane, ya fasa wa wata Hajiya goshi. Na kicin kuwa, Younoussa mijin Fourera ya leƙa ya ce ya kumbura kamar hanjin rago, washegari ya koma daidai, ko ɗigo bai yi ba. Wannan ce robar da suke rainawa. Ban da rana da ɓera ba abin da take tsoro, haka yake cewa.

Sunan mutumin ba zan rubuta ba. Ba ya kulle. Lauyan gwamnati ya kira mu ofishinsa a cikin gari, ni ban fita ba saboda takaba, yaron nan da Younoussa suka je. Aka ce doka ta ba mutum dama ya kare gidan da yake ciki, kuma ya rantse ya ɗauka ɓarawon jan ƙarfe ne, don ana satarsa a ƙarƙashin gidaje. Babu ko taku ɗaya na jan ƙarfe a gidan tsohuwar, wanda aka harba ɗin shi ya cire shi. Aka rufe magana. Mutumin yana nan a gidan yana kwana a ɗakin.

Ita Rachael ta zo nan shekaranjiya da sandarta da wani kek a hannu. Ta tsaya a ƙofa. Na ce ta shigo. Ta yi kuka, na yi. Can ta kama hannuna ta ce tana son in sani aikinsa ya riƙe. Maƙwabtanta duk ruwa ya ci gidajensu, ita ko mahaɗi ɗaya bai motsa ba, har wanda ke kusa da bangon. Ta faɗa ne don in ji sanyi. Ni abin da na ji shi ne da ya zauna ya ƙarasa shayinsa, babu abin da zai sami gidan.

Yaron nan yana kan matakala yana ji. Ya sauko ya ɗauki kek ɗin ya maka a bango, farantin ya tarwatse. Ya ce mata da Turanci ta fita kafin ya manta tsohuwa ce. Da ta fita ya dunƙule hannu ya yi ta dukan ƙofar kicin har katakon ya huje, jini yana bin gwiwar hannunsa.

Tun ranar ya kama wani abu. Yana yanko guntayen robar daga motar ubansa, ya cika da ruwa, ya matse zobe a baki biyu, ya sa a firiza. Ya fitar da naman duka ya zubar a kwandon shara. Da safe ya ciro ya duba, bai fashe ba, ya narkar ya mayar. So yake ya fashe, Yaya. So yake ya ga cewa ubansa yana da dalilin tafiya. Jiya da ya ƙi fashewa ya ɗora shi a kan dandamalin ƙofa ya bi shi da guduma.

Ka san ni ba zan iya zaunar da shi ba. Ban taɓa kallon idonsa na yi masa doguwar magana ba, ubansa ke yi. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa bakina ya ƙi buɗewa. Shi kuma a nan aka haife shi, bai san kunya ba ce, ya taɓa ce wa ubansa ba na son sa. Kai ne ubansa yanzu. Don Allah ka kira shi. Ka tuna masa wane ne ubansa.

Ruqayya


Funtuwa, 14 ga Janairu

Ruqayya,

Salam. Muna lafiya, sai dai an kwana biyu ana jin ƙarar babura ta yamma da mu. Ina fatan jikinki da ƙarfi.

Na karanta wa 'yan majalisa maganar silin. Sun bar zancen ha'inci.

Na kira Abdussalam, mun daɗe. Hausarsa ta karye amma ya gane ni, ni ma na gane shi. Kin yi daidai da kika turo shi wurina. Na san abin da mace ba za ta iya faɗa da bakinta ba.

Na tuna masa wane ne ubansa, da kakansa. Na ba shi labarin bara, lokacin da aka tare Malam Yahya a gonarsa aka yanka shi a gaban ɗansa. Hukuma ta zo ta rubuta ta tafi. Mu muka bi sawu har cikin daji. Wanda muka samu a bakin rafi yana wanke babur, bai koma gida ba. Da gatarin Malam Yahya aka yi aikin, ɗan nasa ya riƙe ƙotar. Tun ranar yaron yake barci kamar kowa.

Na ce masa jinin da hukuma ta taka ta wuce, na magaji ne. Ban ce masa yi kaza ba. Ya tambaye ni ko Allah zai kama shi, na ce wanda ya fara shi ne azzalumi. Na ji numfashinsa ya daidaita a wayar. Za ki ga ya bar wasa da firiza.

Ki kwantar da hankalinki ki yi takabarki. Wannan maganar ta maza ce yanzu.

Sirajo


Greensboro, 17 ga Janairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya tsare ku daga masu baburan. Ban yi barci ba tun da Fourera ta miƙo mini wayar, don haka gaisuwata gajera ce.

Me ka yi mini? Na ce ka tuna masa wane ne ubansa. Ubansa mutum ne da ya bar shayinsa ya tafi duba ruwan tsohuwar da ba danginsa ba. Ko kaza sai ya kai wa Younoussa ya yanka masa. Shi nake nufi. Ban aike ka da gatari ba.

Ya bar firiza, gaskiyarka. Yanzu yana ci, yana wanka, yana gaishe ni da safe a ladabce. Da farko har na gode maka a raina. Jiya na buɗe jakar kayan aikin ubansa ina neman abin ɗaure ƙofar kicin, na samu bindiga a naɗe cikin tawul, a ƙarƙashin zobban. Kafin in ɗaga ta ya shigo. Ya karɓe ta a hannuna a hankali kamar yana karɓar kofi. Ya ce, "Mama, ba naki ba ne." Yanzu a jikinsa take kwana.

Kullum da safe yana ɗaukar motar ubansa ya ce aiki zai nema. Younoussa ya bi shi. Summerfield yake zuwa, ya tsaya a bakin titi nesa da gidan yana kallo. Na ɓoye makulli, ashe yana da wani. Na sa aka kira Liman, ya zo ya yi masa nasiha. Ya zauna kansa a ƙasa yana cewa na'am, ya raka Liman har mota, ya dawo ya rufe ɗaki.

Fourera ta ce in kira 'yan sanda. Kai ba ka san ƙasar nan ba. Baƙin yaro da bindiga a mota, in suka tare shi, wanka na biyu za a yi a masallacinmu. In kuma ya aikata, ba daji a nan da zai shiga. Zai tsufa a kurkuku, ko su kashe shi da allura. Ɗan Malam Yahya yana barci a ɗakin uwarsa. Nawa ba zai kwana ko ɗaya a gida ba.

Rachael ta aiko ta bakin Fourera cewa mutumin zai koma jiharsu ƙarshen wata, ba zai sake dawowa ba. Ina tsoron yaron nan ma ya sani.

Maganarka kaɗai yake ji. Ka hau dutsen, ka kira shi, ka janye abin da ka faɗa. Ban da wancan kiran, ban taɓa roƙonka komai ba tun da na shigo gidanku.

Ruqayya


Greensboro, 23 ga Janairu

Yaya,

Salam. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Fourera ta ce takardar ba ta ma shiga wayarka ba. Na kira duk lambobin gida da nake da su, babu mai shiga.

Jiya ya wanke motar ciki da waje. Ya gyara ƙofar kicin da ya fasa. Ya hau sama ya cire tsagaggen jan ƙarfen ya sa roba, ya matse zobban yadda ubansa ya koya masa, ya buɗe ruwa ya tsaya yana kallo har ya tabbata ba ya ɗiga. Ya nuna mini inda ake kashe ruwan gidan gaba ɗaya, ya ce in sanyi ya dawo in bar famfo yana ɗiga kaɗan, in buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kada kuma in taɓa kusantar da wuta ga robar. Ya sa na maimaita masa.

Mutumin da zai kasance a gida ba ya koya wa uwarsa wannan. Ka kira shi.

Ruqayya


Funtuwa, 2 ga Fabrairu

Ruqayya,

Wa alaikumus salam. Muna da rai. Masu baburan sun shigo, mun kwashe mata da yara zuwa nan gari, mu muka koma muka tsare hanya. Wayata ta mutu a daji. Sun ƙone rumbuna, sun tafi da shanu, mun rasa mutum biyu. Ƙafar ta sake kumbura.

Yau na ga takardunki biyu tare. Na karanta maganar ƙasarku da kurkukunta. Ban san haka abin yake ba, ke kuma ba ki faɗa ba. Kin ce in tuna masa ubansa, na yi yadda na sani. Da kin zaunar da ɗanki da kanki da ba mu zo nan ba.

Ba zan ce masa jinin Sale ba komai ba ne, don ƙarya ce. Amma zan ce masa ya dakata. Na kira shi tun safe, wayarsa a kashe. Ta Fourera ana ɗauka a ajiye. Wata ya ƙare. Ki gaya mini ko mene ne, na saba jin labari.

Sirajo


Greensboro, 6 ga Fabrairu

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa, ya mayar muku da alheri. Ka daure ka kai ƙafar nan asibiti tun da kana gari. Ka gaida matan, ka ce ina jajanta musu.

Yana da rai. Bai kashe kowa ba. Ni na karya masa hannu.

Asabar ɗin ƙarshen wata sanyi ya dawo. Ya tashi ya yi salla, ya sa rigar aikin ubansa. Ya zo ƙofar kicin ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi mini. Na juya masa baya ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Ina son in ce kada ka je, harshena ya yi nauyi kamar kullum. Na ji ya buɗe ƙofar waje.

Jakar ubansa tana bakin ƙofa. Babbar sifanar, mai jan hannu, tana sama. Na ɗauka da hannu biyu. Na fita ba takalmi, karon farko da na taka waje tun ranar da aka kawo mini labari. Ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙafata.

Gilashin motar ya yi ƙanƙara, yana kankarewa. Ya dafa hannun dama a kan bonet ya miƙa na hagu can tsakiya. Bai ji zuwana ba. Na kalli hannun, irin na ubansa ne, har gajeren babban yatsan. Na ɗaga sifanar na sauke da duk ƙarfina.

Na ji ƙarar a haƙorana. Bai yi ihu ba da farko, ya tsaya yana kallon hannun. Na ga yatsun suna motsi, sai na ƙara. A ta biyun ƙashi ya huda fata, jini ya bi farin bonet ɗin yana tururi. Ya durƙusa a kan titi ya rungume hannun, ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Kukan da bai yi wa ubansa ba duk ya fito a nan. Na sa hannu a ƙugunsa na zare bindigar, na tsaya da ita har Younoussa ya fito a guje ya karɓa. Daga baya ya kai ta inda ake miƙa irinsu.

Na bi su asibiti da kayan takabata. Ma'aikaciyar ta tambaye shi me ya faru, tana kallona. Na buɗe baki zan faɗa, ya riga ni. Ya ce murfin bonet ne ya faɗo masa. Ta ce sau biyu? Ya ce eh, sau biyu. Ƙasusuwa sun karye a bayan hannun, an sa masa waya a ciki, an naɗe har gwiwa. Likita ya ce zai warke, amma yatsa biyu ƙila ba za su ƙara dunƙulewa sosai ba. Ban sani ba ko zai iya riƙe abin matse zobe. Ni na yi masa wannan, na sani, zan kuma sani har in mutu.

Mutumin ya tafi ranar Lahadi, Rachael ta aiko ta faɗa. Ban tambayi jihar ba.

Gaskiyarka, da na zaunar da shi da kaina. Ban iya ba, na yi abin da na iya. Ba na riƙe ka a zuciya, kai ma da abin da ka sani ka yi. Amma kada ka sake kiransa sai na ce. In 'yan majalisa sun tambaya, ka ce bonet ne.

Da muka dawo gida ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Bai yi mini magana ba, har yau bai yi ba. Fourera ta kai abinci ya dawo yadda aka kai. Ubansa bai taɓa barin sa ya ci da hagu ba, shi kuma ba ya son ya roƙi kowa. Ya yi kwanaki a kan ruwa da magani, fuskarsa ta zube.

Jiya na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na ɗauka da kaina na shiga. Na zauna a bakin gadonsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye shi. Na yanko loma na miƙa. Ya kalli bango. Na riƙe har ta huce hannuna ya gaji, na ajiye na yanko wata. Can ya juyo, bai kalle ni ba, ya buɗe baki. Na sa masa. Ya haɗa da yatsana ya cije. Ya cije da gaske, na ji haƙorin ya kai ƙashi, jini ya zubo ta gefen bakinsa ya haɗu da miyar. Ban janye ba. Muka zauna a haka, hawayensa na sauka a bayan hannuna. Sai ya saki, ya haɗiye, ya sake buɗe baki.

Ya cinye kwanon. Da wannan yatsan nake riƙe biro, shi ya sa rubutun ya karkace. Zan tsaya a nan, lokacin abincinsa ya yi.

Matar ƙaninka,
Ruqayya